Kafin a kunna sabuwar uwar garke, a tambayi ranar da manhajarta za ta mutu

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, maganar da ake ta yi ke nan: wace kwamfuta ce za ta ɗauki Windows 11, wacce ce ba za ta ɗauka ba, nawa ne kuɗin sauyawa. Masu gyara sun samu kasuwa, masu sayarwa sun samu abin talla. Duk ba laifi. Amma jama'a, akwai wata kwamfutar da ta fi ta kan teburinku muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma ban ji ana maganarta ba. Ita ce uwar garke, wadda mu masu sana'ar muke ce wa saba.

Ita ce wadda ake kullewa a wani ɗan ɗaki a bayan ofis, ko a yi hayarta a intanet ana biya duk wata. A cikinta sakamakon jarrabawar ɗalibai yake, da katin marasa lafiya, da jerin albashi, da lissafin ƙungiyoyin gama-kai da ƙananan bankuna. In kwamfutar sakatare ta lalace, mutum ɗaya ne ya samu hutu. In saba ta faɗi, ko ɓarayi suka shiga cikinta, ma'aikata ce gaba ɗaya ta tsaya cak, kuma asirin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba ya fita kasuwa.

To, abin da nake so mu tattauna shi ne shawarar da ake yankewa a cikin minti biyu ranar da aka kawo sabuwar saba: wace babbar manhaja za a ɗora mata, kuma wane zubi? Oga ba ya tambaya, don a ganinsa wannan aikin yara ne. Ɗan kwangila ba ya faɗa, don ba a tambaye shi ba. Wanda zai ɗora kuwa sai ya zaro filashin da ke aljihunsa, duk abin da ke ciki shi ne rabon ma'aikatar na shekara biyar ko goma.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ba a zaɓen zubin babbar manhaja don sabuntarsa, ba kuma a zaɓensa don an saba da shi. Ana zaɓensa ne da kalanda a hannu. Kowane zubi yana da ranar da masu shi za su daina toshe masa kafofin da ɓarayi ke bi. Wannan ranar ita ce tambaya ta farko, sauran duk su biyo baya.

Ba wanda zai sayi maganin yaro a kyamis bai juya kwalin ya duba ranar lalacewarsa ba. Manhaja ma haka take, bambancin kawai ita ba ta canza launi, ba ta wari. Ranar da ta yi eksfaya za ta kunnu lafiya lau, ta yi aiki kamar jiya. Abin da ya canza shi ne duk wata ɓaraka da aka gano daga ranar, babu mai yi mata faci. Su kuma 'yan dandatsa ba sai sun san sunan makarantarku ba. Manhajoji gare su da ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, wadda ta buɗe su shige.

Ga kwanakin nan, kuma ba asiri ba ne, masu manhajojin da kansu suke wallafa su.

Ubuntu lambarsa ma tana faɗa maka shekarunsa: 24.04 na nufin watan Afrilu na 2024. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, suna fitar da zubi mai dogon zango da ake kira LTS, wanda ake kula da shi kyauta na shekara 5. Zubin 20.04 wa'adinsa ya cika a watan Mayun 2025. Na 22.04 zai kai 2027, na 24.04 zai kai 2029. Wanda ya biya kuɗin Ubuntu Pro ana ja masa zuwa shekara 10. Amma zubin da ke fitowa a tsakani, irin su 25.04 da 25.10, wata 9 kacal suke rayuwa.

Debian 12 ya fito a watan Yunin 2023, Debian 13 a watan Agustan 2025, kowannensu yakan samu kulawar kusan shekara 5. Dangin Red Hat, wato RHEL da AlmaLinux da Rocky Linux, shekara 10 suke bayarwa: zubi na 9 zai kai 2032, na 10 zai kai 2035. A ɓangaren Microsoft, Windows Server 2012 da 2012 R2 sun mutu tun Oktoban 2023. Na 2016 zai bi su a Janairun 2027, na 2019 a Janairun 2029, na 2022 a Oktoban 2031.

Ka ga ke nan wanda ya ɗora maka Windows Server 2016 a kan sabuwar na'ura yau, tsohon doki ya ɗaura maka sabon sirdi. Kafin ka gama biyan bashin na'urar, manhajar ta riga ta zama marainiya.

Bari in fara da cutar da ta fi yawa a wajenmu, wato sabo. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Akwai abokan sana'armu da har yau CentOS 7 suke ɗorawa, don da shi suka koyi aiki, kuma bidiyon da suke bi a YouTube da shi aka yi. CentOS 7 ya mutu ranar 30 ga Yuni, 2024. Har rumbunan da yake ɗebo kaya daga ciki an rufe su, sai mutum ya karkatar da shi zuwa ma'ajiyar tsoffin kaya kafin ya iya ɗora ko da manhaja ɗaya. To don Allah, wanda ya ga haka ya yi dabara ya zagaye, ya miƙa wa asibiti ya ce an gama aiki, me za a kira shi?

Na san amsar da ake bayarwa: ai da tsohuwar zuma ake magani, abin da ke aiki a ƙyale shi. Wannan magana tana da gaskiya a kan janareto da injin markaɗe. Ba ta da gaskiya a kan abin da ke jone da intanet. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru. Waɗanda abin ya ci, ko dai ba su ɗora facin ba, ko kuma suna kan tsohon zubin da aka daina yi wa faci. Wannan fa Ingila ce, mai kuɗi da ƙwararru. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, kai ka san abin yi.

Akwai kuma wata ƙanwar wannan cutar: Windows Server na sata, wanda aka fasa lasinsa. Mai ɗorawa ya san in ya bar shi yana karɓar sabuntawa asiri zai iya tonuwa, sai ya kashe sabuntawar gaba ɗaya. Na fahimci dalilin. Lasin Windows Server bisa ƙarfin masarrafa ake lissafa shi, sannan a sake biyan na masu shiga, duk da farashin dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Ba kowace makaranta ce za ta iya ba. Amma in ba ka da kuɗin lasin, maganin ba sata ba ne. Debian da Ubuntu da AlmaLinux da Rocky duk kyauta ne, halal ɗinka, da facinsu da komai. In kuwa manhajar aikinku ba ta tashi sai a kan Windows, to a sa kuɗin lasin a cikin kasafi tun farko kamar yadda ake sa kuɗin batir da inbata.

Yanzu in juyo kan ɗaya ɓangaren, ƙannenmu masu zumuɗi. Su kuma duk abin da ya fito jiya shi ne daidai. Yaro ya ga lamba mafi girma a jerin, ya danna. Wallahi an taɓa kirana wata makaranta mai zaman kanta a kan shafinsu na biyan kuɗi da ya daina karɓar sabuntawa, na duba na tarar zubin Ubuntu mai wata 9 aka ɗora musu, wa'adinsa ya wuce da fiye da shekara. Wanda ya ɗora ɗan bautar ƙasa ne, yaro mai ƙoƙari, ya gama hidimarsa ya koma garinsu da kalmar sirri a kansa. Ba mugunta ya yi ba. Babu dai wanda ya taɓa tambayarsa har yaushe wannan abin zai kai.

Ko zubi mai dogon zangon ma, ba a rungumarsa ranar da ya fito. Su kansu masu Ubuntu ba sa buɗe wa masu tsohon LTS ƙofar hawa sabo sai an fitar da gyara na farko. Zubin 24.04 ya fito a Afrilu, amma 24.04.1 sai ƙarshen Agusta. Idan masu abu sun jira wata huɗu, kai gaggawar me kake yi da bayanan mutane? Sauri ya haifi nawa.

Ku tuna abin da ya faru a ƙarshen Maris na 2024. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata na'urarsa ta nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi, sai ya gano an dasa ƙofar baya a cikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ya shafe wajen shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince masa. Su wa abin ya taɓa? Masu zubin gwaji da masu bin sabo-sabo: Debian na gwaji, Fedora na gwaji, Kali, openSUSE Tumbleweed. Masu Debian tabbatacce, da RHEL, da Ubuntu LTS, gurɓataccen zubin bai ma iso gare su ba. Jinkirin da yara ke yi wa dariya shi ya tsare su.

Sai maganar manhajar da za ta zauna a kan sabar, don ai ba don ado aka saye ta ba. Kowane zubi da kayan da yake zuwa da su. Ubuntu 20.04 da PHP 7.4 ya zo, 22.04 da PHP 8.1, 24.04 da PHP 8.3. Shafin makarantar da aka rubuta shekara bakwai da suka wuce zai iya ƙin tashi a kan sabon, ko ya tashi amma ya riƙa tuntuɓe ranar da iyaye suka yi cincirindo za su duba sakamako. Don haka kafin a zaɓi zubi, a tambayi wanda ya rubuta manhajar ko ya sayar da ita: a kan wane zubi ka gwada, wane ka yarda za ka tsaya masa? In ya ce sai dai a kan mataccen zubi take aiki, to matsalar manhajarsa ce, shi ya kamata a matsa wa ya gyara, ba a ja sabuwar na'ura a mayar da ita baya don a rufa masa asiri ba.

Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da yawancin na'urorinmu na hannu ne. RHEL 10 da Rocky Linux 10 ba sa tashi sai a kan masarrafa ta zamanin Haswell zuwa sama, wato wadda Intel ya fara fitarwa a 2013. Irin su Dell R720 da HP ProLiant Gen8, da suka cika kasuwar tokumbo saboda araharsu, masarrafarsu ta girmi wannan. AlmaLinux 10 ya yi wani zubi na musamman don tsoffin masarrafai, kuma zubi na 9 yana tashi a kansu. Amma in ba ka sani ba, sai ka kashe kuɗi ka kawo na'ura, a zo ɗorawa ta ƙi. Sabuwa ce a ofishinka, a duniya kuwa ta haura shekara goma. A duba wannan kafin a biya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce: to ai alkawarin kamfanonin ma ba abin dogaro ba ne. Gaskiya ne, kuma ga shaida. CentOS 8 an fitar da shi da alkawarin zai kai 2029. A watan Disamban 2020, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan IBM ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34, sai aka sanar cewa za a rufe shi a ƙarshen 2021. Shekara takwas aka yanke da sanarwa ɗaya. Wannan ne ya haifar da Rocky Linux, wanda Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, ya fara, da kuma AlmaLinux. Amma darasin ba wai a daina duba kalanda ba ne. Darasin shi ne a ƙara tambaya ta biyu: wa ke riƙe da wannan alkawarin, kuma in ya saɓa, ina ƙofar fita? Waɗanda suka rubuta yadda suka kafa sabarsu, suke da kwafin ajiya a wani wuri dabam, sun koma Alma ko Rocky ba tare da wani tashin hankali ba. Waɗanda komai ke kan mutum ɗaya su suka ji jiki.

Wani kuma zai ce tasu sabar ba ta intanet, a cikin ofis kawai take aiki. Ina filashin da ma'aikata ke sokawa? Ina kwamfutar akanta da ke jone da ita, wadda kuma ake buɗe imel da WhatsApp a kanta? Ina ranar da aka jona mata waya don injiniya ya yi gyara daga nesa, aka manta ba a cire ba? Masu haya a intanet su ma kada su saki jiki. Kamfanin da ya ba ka haya wuta da na'ura da layi yake kula da su. Zubin da ka zaɓa a jerin nan da facinsa, yawanci a wuyanka suke.

Kuma yanzu abin ya wuce ganin dama. Tun watan Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke sa ido a kanta. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, kuma in aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 gare shi ya sanar da hukuma. Ranar da aka tambayi shugaban asibiti me ya sa katin marasa lafiya ke kan manhajar da ta mutu shekara biyu da suka wuce, "yaron ne ya ɗora" ba amsa ba ce. Ko babu doka ma, amana ce. Matar da ta faɗa wa likita ciwonta ba ta ba shi izinin ya ajiye shi a ɗakin da ba ƙofa ba.

To me nake ba da shawara? In yau aka kawo min sabuwar saba ta makaranta ko asibiti ko kamfani matsakaici, ba zan wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba: Ubuntu 24.04 LTS, ko Debian 13, ko AlmaLinux ko Rocky zubi na 9, ko na 10 in na'urar da manhajar aikin sun yarda. In dole sai Windows, to 2022 ko 2025, da lasin gaskiya. Wanne daga ciki? Wanda mutumin da zai zauna da ita ya iya, kuma in ya tafi za a samu wani a garin da ya iya. Ba na shiga rigimar wane Linux ya fi wane, wannan musun 'yan ƙwallo ne. Ubuntu 26.04 na Afrilun 2026 kuwa, a gwada shi a gefe, a bar shi ya sha iska har gyaransa na farko ya fito, sannan a ɗora masa kayan mutane.

Ku kuma shugabanni, masu makarantu, daraktoci, shugabannin ƙungiyoyi, ba sai kun iya kwamfuta ba. Tambaya biyar kawai za ku yi kafin ku sa hannu a takardar biya:

1. Wace babbar manhaja aka ɗora, wane zubi, kuma wace rana masu ita za su daina kula da ita?
2. Wannan ranar ta wuce shekarun da muke sa ran amfani da na'urar? In ba ta wuce ba, wa zai yi ƙaura, da kuɗin wa?
3. Lasin na gaskiya ne? Ina takardarsa, da sunan wa aka saya?
4. Wa ke ɗora faci, duk yaushe, kuma wa ke duba cewa an ɗora?
5. Ina kwafin ajiya yake, yaushe aka gwada dawo da shi, kuma wa ke riƙe da kalmar sirri ban da wanda ya ɗora?

A rubuta amsoshin a cikin takardar kwangila. Sannan a samu farar takarda a rubuta sunan zubin da ranar mutuwarsa da manyan baƙi, a manna a jikin na'urar, yadda masu gyaran mota ke rubuta ranar juyen mai. Duk wanda ya gaji kujerar zai gani. Ɗan kwangilar kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, daɗi ma zai ji an san darajar aikinsa. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ya riga ya ba ku amsa.

Ga 'yan'uwana masu sana'a: mu daina ɗora wa mutane abin da ke cikin filashinmu don kawai shi muka iya. Koyon sabon zubi bai fi 'yan kwanaki ba. Kuma mu riƙa faɗa wa mai aiki gaskiya ko bai tambaya ba, don shi bai san akwai tambayar ba, mu muka sani.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mu da dukiyoyinmu da asirinmu.